Risefta ɗaya, kemokin biyu, amsa daban: ta yaya CCR7 ke bambance CCL19 da CCL21?

Ɗalibar_Garkuwa

Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Wani abu ya tsaya mini a karatun kemokin, na juya shi ta kowane gefe ya ƙi zama. Kemokin dai ƙananan furotin ne masu kiran ƙwayoyin garkuwar jiki, risefta kuma shi ne mai karɓar saƙonsu a bayan ƙwaya. Riseftan CCR7 kemokin biyu ke ɗaure masa, CCL19 da CCL21. Duka biyun furotin Gi, mai kai saƙon risefta cikin ƙwaya, suke kunnawa, kuma an ce ƙarfinsu ta wannan hanya kusan ɗaya ne. Amma CCL19 yana sa ƙwayar halitta ta haɗiye riseftan ta kai shi ciki cikin 'yan mintuna, CCL21 kuwa da ƙyar yake yin hakan. Ƙofa ɗaya ce, mukulli biyu duk sun buɗe ta. To ta ina ɗakin ya san wanne ne ya buɗe? Sannan wannan karkatar saƙo da ake ta magana a kai, wato kemokin ya fifita wata hanyar saƙo a kan wata, halittar abin ce ko kayan gwaji ne ke yaudarar mutane?

Malam_Furotin

Wa alaikumus salam. Kwatancen ƙofar ne ya ɓatar da ke, ƙanwata. Ƙofa hali biyu gare ta, ko a buɗe ko a rufe. Risefta kuwa igiya ce guda ta amino asid da ta ratsa tantanin ƙwaya sau bakwai, ginshiƙai bakwai ke nan a tsaye, kuma ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna kai da komo tsakanin siffofi da dama. Aikin kemokin shi ne ya riƙe wasu siffofin su daɗe fiye da sauran.

Ɗaurewar hawa biyu ce. Da fari dunƙulallen jikin kemokin yana manne wa kan riseftan da ke waje, inda akwai tairosin masu ɗauke da salfet. A riseftan CXCR4 su ne na 7, 12 da 21, a CCR5 kuma na 3, 10, 14 da 15. Wannan riƙo ne kawai, bai kunna komai ba. Daga nan sai bakin kemokin, wato 'yan amino asid ɗin farko da ke gaban sistin na ɗaya, ya zura cikin ramin da ke tsakanin ginshiƙan. A nan ake kunnawa. In ya taɓa inda ya dace, ginshiƙi na shida ya yi waje ta ɓangaren cikin ƙwaya, gurbi ya buɗe, Gi ya shiga. Arestin, furotin da ke taka wa saƙon birki ya ja riseftan ciki, shi ma gurbin nan yake nema, amma siffar da yake so ba ita ce sak wadda Gi ke so ba.

In kina son ki ga nauyin wannan bakin, dubi abin da yanka ke yi masa. Enzayim ɗin DPP4 amino asid biyu kacal yake cirewa daga bakin kemokin CXCL12, sai ya daina kunna CXCR4. Haka in ya yanke biyu daga CCL5, ƙarfinsa a CCR1 da CCR3 ya faɗi, amma a CCR5 yana nan. MMP2 in ya cire huɗu daga CCL7, ya mai da shi matoshi: yana ɗaurewa, ba ya kunnawa. A CCR1 kuma, hotunan siffa na 2022 sun nuna tsawon bakin CCL15 ne ke juya tairosin na 291, yadda ya kwanta kuma shi ke ƙayyade ko arestin zai zo da ƙarfi ko a'a.

Bazazzagi_77

Allah ya ƙara wa Malam sani. Amma tsakanin siffa da arestin akwai ɗan aike da ba a ambata ba. Arestin ba ya riƙe risefta da kyau sai an liƙa fosfet a serin da tireyonin na wutsiyarsa da ke cikin ƙwaya. Masu liƙawar su ne enzayim ɗin GRK, kuma huɗu ne suka shafe mu: 2, 3, 5 da 6. A 2009 ɗakin binciken Lefkowitz a Jami'ar Duke ya nuna CCL19 yana jawo GRK3 da GRK6 duka, CCL21 kuwa GRK6 kaɗai. Duka biyun suna kiran arestin, amma da CCL19 ne kawai arestin ke bin riseftan zuwa cikin endosom, 'yar jakar da ake haɗiye shi a ciki, ƙwayar ta kurumce wa saƙon na wani lokaci.

Kowane GRK da inda yake sa fosfet ɗinsa. Arestin yana karanta zanen ne kamar yadda mutanen zamanin da suke gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Zane daban, zama daban, abokan aiki daban.

Ɗalibar_Garkuwa

@Bazazzagi_77 na gode Yaya. Amma ga inda na sake maƙalewa. An koya mana GRK2 da GRK3 a ruwan ƙwaya suke, sai Gβγ, ɓangaren da ke rabuwa daga furotin G in an kunna shi, ya saku sannan ya jawo su bakin tantani. In CCL19 da CCL21 Gi ɗaya suke kunnawa daidai wa daida, ai Gβγ ɗin da ya saku ma daidai ne. Me ya hana GRK3 aiki a kan wanda CCL21 ya kunna?

Bazazzagi_77

Tambaya ta yi kyau. Gβγ rakiya kawai yake yi, ya kawo GRK3 ƙofar gida. Kafin GRK ɗin ya fara aiki sai ya cusa wani ɗan murɗaɗɗen ɓangare na kansa cikin gurbin nan da Malam ya ambata. In siffar gurbin ba ta karɓe shi ba, ko ba ta daɗe a buɗe ba, yana nan tsaye ba aikin fari. GRK5 da 6 su dama a jikin tantani suke zaune, ba sa jiran Gβγ.

MaiLissafi

Ni rabin tambayar na biyu zan taɓa, don a nan ake yawan barin jaki ana dukan taiki. Ganin wani ligan, wato abin da ke ɗaure wa risefta, ya cika ma'auni a hanyar G amma ya gaza a arestin bai isa a kira shi karkatacce ba. Hanyar G ninkawa take yi: risefta ɗaya ya kunna G da yawa, kowanne ya haifar da ɗimbin saƙo a ƙasa, ko dai kalsiyam ko raguwar cAMP. Arestin kuwa ɗaya bisa ɗaya ne, risefta guda arestin guda. Saboda haka ligan mai rauni zai bayyana kamar cikakke a G, a arestin kuma asirinsa ya tonu.

Ga misali da na ƙirƙira don lissafi kawai. Ligan A a G ya kai kashi 100, EC50 ɗinsa, wato yawan da ke ba da rabin amsa, 0.5 nM, a arestin kashi 80 da 20 nM. Ligan B a G kashi 91 da 9 nM, a arestin kashi 17 da 83 nM. Wanda ya kalli ƙololuwa kaɗai zai ce B ya karkata ga G, 91 ina 17 ina. To a raba ƙololuwar da EC50. A G: A ya ba da 200, B ya ba da kusan 10, ninki 20 ke nan. A arestin: A 4, B kusan 0.2, shi ma ninki 20. Babu karkata ko ta anini. B rauni kawai gare shi a ko'ina.

Wannan rabawar tana aiki ne in gangaren Hill, wato tsinin hawan layin amsa, yana kusa da 1. In ba haka ba sai a koma tsarin Black da Leff na 1983, a fitar da log na tau (ƙarfin kunnawa) bisa KA (ma'aunin ɗaurewa) a kowace hanya, a cire na ligan ɗin da aka ɗauka ma'auni, sannan a cire hanya daga hanya. Kuma dole a faɗi wane ne ma'aunin. Kalmar karkatacce ba ta da ma'ana sai an ce karkatacce in an gwada shi da wa.

Malam_Furotin

Gaskiyarka Malam MaiLissafi, amma CCR7 bai faɗa cikin wannan ramin da sauƙi ba. Aikin 2004 da ya fara tayar da maganar ya samu biyun sun yi kunnen doki a kunna G, sannan CCL19 ya yi fintinkau a fosfet da arestin. A misalinka kuwa EC50 na G ya riga ya bambanta ninki 18.

MaiLissafi

Na yarda CCR7 na cikin waɗanda hujjarsu ta fi ƙarfi. Abin da nake ja a kai shi ne dogon jerin da ake yaɗawa, wai kusan kowane kemokin karkatacce ne. Kemokin kusan 50 ne a jikin ɗan Adam, risefta kusan 20, in ka gwada kowanne da gwaji huɗu dole ka ga bambanci a wani wuri. A 2015 wasu masu bincike a Burasel sun auna CCR2, CCR5 da CCR7 da BRET, gwajin haske mai nuna kusancin furotin biyu, kai tsaye a kan furotin G ɗin. Duka ukun sun kunna Gi1, Gi2, Gi3 da Go iri biyu, CCR2 da CCR5 sun ƙara da G12 ban da G13, kuma galibi ƙarfin kunnawa ya bi ƙarfin ɗaurewa ne. Bambancin da suka gani a jerin ƙarfi tsakanin gwaji da gwaji yake. Akwai karkata, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Mai_Ɗakin_Gwaji

Bari in sauko da maganar kan benci, don kafin a kai ga lissafi an riga an ɓata lambobin.

Na farko nauyi. Mutane na zuba 100 ng/mL na kowanne su ce sun daidaita. CCL19 kusan 8.8 kDa ne, CCL21 kusan 12.2. Wato ɗaya 11 nM da ɗoriya, ɗayan 8 nM da ɗoriya. A yi aiki da nM, ba ng ba.

Sai mannewa. Kemokin suna da cajin da ke sa su liƙe wa roba da gilashi, CCL21 ya fi kowa. In ba a sa furotin BSA mai hana mannewa kashi 0.1 zuwa 0.5 cikin ruwan tsarmawa ba, a ƙananan ma'auni rabin abin yana jikin bututu, sai EC50 ya gudu dama, a ce ligan ɗin ne mai rauni. A raba shi ƙanana-ƙanana a ajiye a digiri -80, kada a riƙa narkarwa ana mayarwa.

Gwajin haɗiye risefta da fulo saitometa, na'urar auna hasken ƙwayoyi ɗaya-ɗaya, shi ya fi cin mutane. Ka sa kemokin minti 30 a digiri 37, ka sa antibodi, ka ga haske ya ragu, ka ce an haɗiye. Alhali wataƙila kemokin ɗin ne zaune a kan wurin da antibodin zai kama. Maganinsa abu biyu: a yi wani bututun a digiri 4, inda haɗiya ba ta faruwa, duk raguwar da aka gani a can ta toshewa ce. Sannan a wanke da ruwan gilaisin mai tsami, pH kusan 3, na minti ɗaya a kan ƙanƙara, a mayar da sauri. In aka wuce haka ƙwayoyin sun mutu.

Ƙwayoyin HEK293 da ake rainon su don gwaji suna da nasu CXCR4 na gado. Duk mai gwada CXCL12 a kansu ya ware rijiya ɗaya a farantin gwaji da ba a sa mata risefta ba, in ba haka ba bai san saƙon wa yake aunawa ba.

Kuma a kula da irin gwajin arestin. Gwajin Tango yana ɗinka wutsiyar wani risefta mai suna V2 a bayan naka, ita kuwa wutsiyar nan mayen arestin ce, ta riga ta canza zanen fosfet ɗin da kake son gani. Gwajin da ke haɗa ɓarin enzayim biyu ya bar su a haɗe na tsawon awa ɗaya da rabi tarawa yake yi, ba ya nuna saki. In kalsiyam ka auna a daƙiƙa 20, arestin kuma a minti 90, ba hanya biyu ka kwatanta ba, lokaci biyu ka kwatanta. BRET ko NanoBiT a ƙwaya mai rai, a karanta duk minti ɗaya, shi ya fi.

Bazazzagi_77

A ƙara da yawan DNA da ake zubawa. In riseftan ya yi yawa a tantani, hanyar G ta cika maƙil, duk ligan su zama ɗaya. A gwada a mataki biyu ko uku na yawan risefta. Karkatar gaske ba ta ɓacewa in an rage.

Yar_Damagaram

Ku gafarce ni, duk kuna kallon ramin riseftan ne, ni kuwa ina ganin babban bambancin CCL19 da CCL21 a jiki ba a can yake ba. CCL21 yana da wutsiya ta amino asid sama da 30, cike da laisin da arjinin, wadda CCL19 ba shi da ita. Da ita yake kama heparan salfet, wani sukari da ke lulluɓe ƙwayoyi, ya zauna daram a jikin nama. A 2013 ɗakin binciken Michael Sixt a Ostiriya ya nuna a fatar ɓera akwai gangaren CCL21 a liƙe kewaye da jijiyoyin ruwan limf, ƙwayoyin garkuwa na dendiritik kuma suna takawa a kansa har su shiga. CCL19 narkakke ne, yawo yake.

Ku duba yadda abin ya dace. Ƙwayar da za ta bi hanyar da aka shimfiɗa tun daga fata har kaluluwa ba ta son ta haɗiye riseftanta a tsakiyar tafiya, sai ga shi CCL21 ba ya sa haɗiya sosai. CCL19 kuwa haɗiyar ita ce amfaninsa: ana shigar da shi tare da CCR7, a narkar da shi a laisosom, ma'aikatar narka shara ta ƙwaya, a mayar da riseftan waje. A 2023 an nuna ƙwayoyin dendiritik da wannan suke haƙa wa kansu gangare. Suna cinye CCL19 na inda suke, gaba ya fi yawa, su bi, har ƙwayoyin T su amfana da gangaren da suka bari.

Ga kuma ƙarin rikici. Ƙwayoyin dendiritik na iya yanke wutsiyar CCL21 ya koma narkakke. Kuma a 2016 an nuna wutsiyar tana naɗewa ta danne jikin kemokin ɗin kansa, sai asid ɗin polisayalik da ke kan CCR7 na ƙwayar dendiritik ya warware ta. HEK293 da aka ɗura wa CCR7 ba lallai yana da wannan suturar sukarin ba. Ke nan rauninsa a faranti na iya zama na ƙwayar da aka zaɓa.

Malam_Furotin

Madalla Malama. Shi ya sa ake raba maganar gida uku: karkatar ligan, karkatar risefta, da karkatar ƙwaya ko nama. Abin da kika kawo na ukun ne. Na biyun kuwa babu misalin da ya kai CXCL12. A CXCR4 yana kunna Gi ya kira arestin, a ACKR3 arestin kawai. A ƙasan ginshiƙi na uku yawancin riseftocin kemokin suna da jerin amino asid DRYLAIV, ACKR3 nasa DRYLSIT ne, ACKR2 kuma DKYLEIV. Aikin ACKR3 shara ne, yana kwashe CXCL12 da CXCL11. A ɗan tayin kifin zebra, rukunin ƙwayoyin da ke shimfiɗa layin ji na gefen jiki suna tafiya a kan CXCL12 da yake shimfiɗe bai ɗaya. Na baya masu ACKR3 su cinye, na gaba masu CXCR4 su ga gaba ya fi yawa. A cire na bayan, tafiya ta tsaya.

Likitar_Jini

Tunda an shigo dangin ACKR, akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. ACKR1 shi ne rukunin jinin Duffy. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, har da mu, ba mu da shi a jajayen ƙwayoyin jini, saboda canjin harafi ɗaya, T zuwa C, a wurin da furotin GATA1 ke zama ya kunna jinin halittar. An gano wannan a 1995. A bangon ƙananan jijiyoyi kuwa yana nan yana aikinsa, don can ba GATA1 ke kunna shi ba. Ta wannan furotin Plasmodium vivax ke shiga jar ƙwaya, shi ya sa zazzaɓin vivax ya yi ƙaranci a yankinmu, ko da yake tun rahoton Madagaska na 2010 an san yana kama wasu marasa Duffy.

Abin da ya fi taɓa aikin asibiti shi ne masu wannan hali sau da yawa niyutrofil ɗinsu, wani nau'in fararen ƙwayoyi, a jini bai kai na Turawa ba, wasu ƙasa da 1500 a maikurolita, kuma lafiyarsu ƙalau, ba sa yawan kamuwa da cuta. In aka ɗauki ma'aunin wata al'umma aka ɗora musu, sai a dakatar da maganin ciwon daji ko kulozafin, maganin taɓin hankali, ba gaira ba dalili.

Bazazzagi_77

Dakta wannan ilimi ne, amma ACKR1 ba karkatacce ba ne. Shi ba G ba arestin, jerin DRY ɗin ma babu shi sam. Riƙe kemokin yake, ya tsallakar da shi bangon jijiya ya ajiye a fuskar jini. Mun fara kauce wa tambayar yarinyar nan.

Likitar_Jini

To bari in biya kuɗin kaucewa. Mai shakkar ko wutsiyar risefta da fosfet ɗinta suna da tasiri a jikin mutum ya dubi ciwon WHIM. CXCR4 amino asid 352 ne. Canjin R334X, wanda aka danganta da ciwon a 2003, yana datse 19 na ƙarshe, inda serin ɗin da GRK ke nema suke. Gi na aiki, birki babu. Niyutrofil da suka nuna ba sa iya barin ɓargo don kiran CXCL12 ba ya yankewa a kunnensu, sai jini ya zama fayau, ga yawan kamuwa da cuta da tsiron fata na HPV. Kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa. A Afrilun 2024 Amurka ta amince da mavorixafor, matoshin CXCR4 da ake sha, don wannan ciwon.

Ɗan_Farmasi

Wannan ya kawo ni inda nake jira. Magungunan da suka kai kasuwa a wannan dangi kusan duk matosa ne: maraviroc a CCR5 tun 2007, plerixafor a CXCR4 a 2008, mogamulizumab a CCR4 (shi antibodi ne mai sa a kashe ƙwayoyin da ke ɗauke da riseftan), motixafortide a 2023, sai wanda Dakta ta ambata. Babu ko ɗaya da aka ƙera don karkata. An gwada matosa da dama a ciwon sanyin gaɓoɓi da makamantansa, suka faɗi.

Inda aka yi amfani da karkata da gangan shi ne CCR5. A 2008 masu bincike a Janiba sun sauya bakin CCL5 suka tace dubbai, suka fito da uku. 6P4 yana kunnawa fiye da na asali, yana kuma sa haɗiya. 5P12 yana toshe HIV ba tare da kunnawa ko haɗiya ba. 5P14 yana sa haɗiya amma ba a ga kalsiyam ba a gwajin farko. Jiki ɗaya, bambancin 'yan amino asid a baki. 5P12 aka zaɓa don maganin shafawa na kariya, saboda ba a son abin da zai kira ƙwayoyin T zuwa daidai inda cutar ke shiga.

Wani abin lura: plerixafor da ke toshe CXCR4, a ACKR3 kiran arestin yake yi. Mai amfani da shi a gwaji ya sani.

MaiLissafi

@Ɗan_Farmasi a wajen kemokin ma darasin bai yi daɗi ba. Maganin TRV027 da aka ƙera don karkata a riseftan anjiyotensin bai yi nasara ba a gwajin ciwon zuciya. Oliceridine, maganin rage raɗaɗi da aka ce karkatacce ne, ya samu amincewa a 2020, amma a shekarar ce wasu suka nuna ana iya bayanin halinsa da rauni kawai, irin na ligan B ɗina.

Yar_Damagaram

Kada a yi saurin binne abin. CXCR3 na da CXCL9, 10 da 11, kuma 11 ya fi sauran kiran arestin da sa haɗiya nesa ba kusa ba. A 2018 ɗakin Rajagopal a Duke ya ɗauki ƙananan sinadarai biyu, VUF10661 mai karkata ga arestin da VUF11418 mai karkata ga G, suka shafa wa ɓerayen da ke da kumburin fata na rashin jituwa. Mai arestin ne ya ƙara kumburin da jawo ƙwayoyin T, mai G bai yi ba. Wannan a dabba mai rai ne. Daga baya sun nuna wani kaso na bambancin yana fitowa ne bayan haɗiya, riseftan na ci gaba da kunna G daga cikin endosom, in aka hana haɗiyar da gurɓataccen furotin dainamin K44A bambancin ya ragu.

Gargaɗi ga mai son maimaitawa: ɓerayen C57BL/6 ba sa yin CXCL11 mai aiki, jinin halittarsa a lalace yake a wannan zuriya. A ɗan Adam kuma akwai CXCR3A mai amino asid 368 da CXCR3B mai 415, halinsu ba ɗaya ba ne, yawancin antibodi kuma ba sa bambance su.

Bazazzagi_77

Sai dai a yi hattara da cewa arestin shi kaɗai ke kai saƙo. A 2018 a Bon sun kashe Gs, Gq da G12/13 a HEK293 da CRISPR, suka ƙara gubar tarin shiƙa don ta kashe Gi. Arestin ya ci gaba da zuwa, amma ERK, enzayim ɗin da ke karɓar saƙon a can ƙasa, bai motsa ba. Ni a ganina arestin mai tsara zama ne, shi ke cewa ina za a yi, har yaushe, da wa. Wutar kuwa daga G take.

Malam_Furotin

Ba a CCR7 ko CXCR3 aka yi wannan aikin ba, kuma ƙwayar da aka cire wa furotin da yawa haka tana sake tsarin cikinta. Ga ACKR3 nan kuma ana ta jayayya a kansa har yau.

Ɗalibar_Garkuwa

Allah ya saka da alheri, kaina ya cika. In na fahimta, amsar tana wuri uku a lokaci guda: bakin kemokin a rami, GRK a wutsiyar risefta, da wutsiyar CCL21 a waje. To a ce mutum zai tsara gwaji ɗaya da zai raba su, me zai sa a faranti?

Mai_Ɗakin_Gwaji

Ligan uku, ba biyu ba: CCL19, CCL21 cikakke, da CCL21 marar wutsiya. In marar wutsiyar ya koma halin CCL19, matsalar ta waje ce. In ya tsaya a halin uwarsa, ta rami ce. Ma'auni takwas zuwa goma daga 0.01 nM zuwa 1 µM, CCL19 a matsayin abin kwatance a kowane faranti. G a auna shi da BRET a kan rabuwar Gα da Gβγ, ba kalsiyam ba. Arestin da BRET a ƙwaya iri ɗaya, zafi digiri 37, koilenterazin (sinadarin da ke ba BRET haske) 5 µM, a ciro lambobi a minti 2, 10 da 30 a duka hanyoyin. Gubar tarin shiƙa 100 ng/mL a kwana da ita. Don GRK, akwai HEK293 da aka cire wa 2, 3, 5 da 6 gaba ɗaya, sai a mayar da su ɗaya-ɗaya, amma a mayar da kaɗan, don in GRK ya yi yawa yana liƙa fosfet ko ba ligan. A maimaita sau uku a ranaku daban, a fitar da kuskuren ΔΔlog, wato lambar karkatar da lissafin MaiLissafi ke bayarwa. In tazararsa ta haɗa da sifili, ba a ga komai ba.

Sannan a koma ƙwayar gaske. Ƙwayoyin T a Transwell, farantin gwajin tafiya mai tantani a tsakiya, mai huda 5 µm, awa biyu zuwa uku. A yi ma'auni da yawa, don amsar tafiya hawa take ta sauko kamar tudu. Ma'auni ɗaya zai iya faɗa wa wani ligan a ƙololuwa, ɗayan a gangara.

Yar_Damagaram

Transwell zai cuci CCL21, gangarensa narkakke ne kuma ba ya wuce 'yan awoyi. A ƙwayar dendiritik gara dunƙulen kolajin na 3D, ko a liƙa shi a ƙasan faranti a ɗauki bidiyo.

MaiLissafi

Kuma kafin a zuba komai a rubuta ninkin da za a yarda da shi a matsayin karkata. Ni ƙasa da ninki uku ba na ɗaga kai. @Mai_Ɗakin_Gwaji, a minti 30 ɗin nan CCL19 ya riga ya kwashe rabin riseftan daga tantani, kuma ƙwayoyin sun fara cinye shi daga ruwan rijiyar. Da wane yawan ligan za ka yi lissafin, wanda ka zuba ko wanda ya rage?

Mai_Ɗakin_Gwaji

Wanda na zuba, shi ya sa na ce a ciro na minti 2. A rage yawan ƙwayoyi a rijiya, a ƙara ruwa zuwa maikurolita 200, sannan a ɗebi ruwan ƙarshe a auna abin da ya rage da ELISA, gwajin auna yawan furotin. In a ƙananan ma'auni ya faɗi fiye da kashi 10, lambobin minti 30 ba su shiga lissafi.